Allon da Ke Ƙifta Ido a Takur

Duk mai zuwa Dutse daga Kano, in ya fita ta Mariri ya haye gadar Wudil, hanya biyu ce a gabansa: ko ya miƙe ta Gaya har Shuwarin sannan ya karya kwana, ko ya bi titin Birnin Kudu ya ratse a Kwanar Huguma. Mai motarmu ta Gaya ya bi. Ƙarshen hunturu ne, sanyi ya fara ja da baya amma hazo bai ɗaga ba. An gama girbi, gonaki sun koma makiyaya, ƙura ta bi ganyen kowace bishiya ta kwanta. Da muka doshi gari sai duwatsun suka fara fitowa, wani ya hau kan wani, bishiyoyin dabino na tsaye a tsakaninsu.

Har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanki Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, Dutse hedikwatar ƙaramar hukuma ce, tsohon garinta na Garu a maƙale a jikin dutse. Zamanta babban birnin jiha shi ya kawo sakatariya da ma'aikata, unguwanni irin su Takur da Fagoji da Gida Dubu suka cika suka batse. Aka zo aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma kwalejin fasaha ta jiha. Garin ma'aikata da ɗalibai kuwa garin takarda ne. Takardar neman aiki, kundin kammala karatu, katin ɗaurin aure, fastar ɗan takara, duk sai sun bi ta cikin kwamfuta kafin su fito duniya. Tun da JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, har yaron ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ya zo gari ya zauna a gaban allo. Shi ya sa da wuya ka wuce layin shaguna a Dutse ba ka ji ƙarar injin hoton takarda ba.

Ɗaurin aure ne ya kai ni, a Takur kuma na sauka, wurin wani ɗan wana da ke da irin wannan shago. Kwamfutoci uku ne a ciki, dukkansu 'yan gwanjo. Irinsu ta Legas suke shigowa, su zauna a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko Alaba, su hauro Titin Beirut a Kano, daga nan su watsu zuwa Dutse da Haɗeja da Gumel. A jikin ɗaya har yanzu akwai lambar ofishin da ya yi amfani da ita a ƙasar waje. A bayan wata kuma akwai ɗan jan makunni mai rubutun 115 a gefe guda, 230 a ɗaya gefen. Na farkon na wutar Amurka ne, na biyun namu. Wanda duk ya jona irinta bai duba wannan makunni ba, sai ya ji ƙara ya ga hayaƙi.

Babbar cikinsu, wadda ake zana fastoci da katuna a kanta, ita ce ba ta da lafiya. Farin takarda ya koma ruwan hoda a allonta. Rubutu ya yi ƙiba, da'ira ta koma ƙwai. Abin da ya fi ci wa mai shagon rai shi ne, da zarar ya buɗe CorelDRAW ya ɗora hotuna masu nauyi, sai allon ya yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci, ya dawo, can an jima ya sake. Ga masu biki a tsaye suna jiran kati.

"Baffa, monitar nan ta gama yayi," in ji shi. "Gobe zan ba da saƙo Kano a sayo mini wata."

Wani malamin makaranta da ya kawo tambayoyin jarrabawa a buga masa ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta. Mai shagon waya na kusa ya leƙo ya ce a yi mata fomatin kawai a huta. Kowa da maganinsa, ba wanda ya tsaya ya tambayi ciwon. Daga ƙarshe dai aka kira wani matashi da duk layin ke ce wa Injiniya. Ya iso a kan babur, da jaka a baya. Cikinta sukundireba ne da buroshin fenti da ƙaramar bulowa da tocila da kebul iri-iri a nannaɗe, sai filas da yawa da ya zura a igiya guda.

Bai taɓa komai ba sai da ya gaisa da kowa, sannan ya ja kujera.

"Oga, yaushe ta fara? Kuma me aka taɓa kafin ta fara?"

Aka yi shiru. Can yaron shagon ya ce, kansa a ƙasa, kwanakin baya ta yi nauyi ya yi mata fomatin, ya ɗora direbobi daga filas ɗin wani abokinsa. Mai shagon kuma ya tuna an matsar da tebur ranar da aka yi shara, an zare wayoyi an mayar. Injiniya ya gyaɗa kai, bai yi wa kowa faɗa ba.

Na matso da kujerata, don na lura aikin nasa a tsare yake. Daga mafi arha yake farawa, kuma ba ya canza abu biyu a lokaci guda. Ya fara zare kebul daga bayan monita, ya bar ta da wuta kaɗai, ya danna maɓallinta. Ɗan akwatin saitinta ya fito fes, fari a matsayin fari, ba rawa ba ƙiftawa.

"Baba, ka ga wannan akwatin? Monita ce ke zana shi da kanta, ba ruwan kwamfuta. Da ita ce ba lafiya, da shi ma ya nuna."

Ya ce monitar da ke mutuwa tana da alamominta. Takan kawo hoto na daƙiƙa biyu ta ɗauke, kuma in ka haska tocila a jikin gilashin ka hango hoton dishi-dishi, to fitilar bayanta ce ta mutu, ko kafasito sun kumbura a allon wutarta. Waɗannan ma ana canza su da kuɗi kaɗan. Wannan dai lafiyarta ƙalau. Kuɗin saƙon Kano sun tsira tun a matakin farko.

Sai ya ɗauki kan kebul ɗin, mai shuɗin baki da ƙusa biyu na murɗawa, ya haska shi da tocila ya miƙo mini. 'Yan allurai ne a jere, sahu uku, biyar-biyar. Biyu daga ciki sun lanƙwashe, ɗaya a sahun sama, ɗaya a na ƙasa, alamar an tura shi da ƙarfi a karkace. Wannan shi ne VGA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987. Allura ta farko ja take ɗauka, ta biyu kore, ta uku shuɗi. In ta biyu ta daina taɓawa, kore ya fita daga hoto, abin da ya rage shi ne ja da shuɗi, sai fari ya koma ruwan hoda. Ta 13 da ta 14 su ke riƙe hoto kada ya zame gefe ko ya riƙa birgima. Ta 12 da ta 15 kuwa ta cikinsu monita ke gaya wa kwamfuta sunanta, da yawan ɗigon da ke fuskarta, da saurin da za ta iya ɗauka. In wannan hanya ta toshe, kwamfuta sai ta yi ta lalube, ta aiko da hoto na 1024 da 768 zuwa allon da aka ƙera da faɗi. Daga nan ne da'ira ke komawa ƙwai.

Da bakin biro maras tawada ya tayar da alluran a hankali, ya jona, ya murɗa ƙusoshin. Fari ya dawo. Mai shagon ya yi hamdala ya fara laluben aljihu.

"Oga, dakata tukuna. Buɗe aikin da kake yi."

Aka buɗe fastar, aka ja hoto, aka faɗaɗa. Ba a jima ba allon ya yi baƙi, ya dawo, wani ɗan saƙo ya leƙo a kusurwar ƙasa cewa direban hoto ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Direba wata 'yar manhaja ce da ke tsakanin Windows da katin hoto. Aikin tafinta take yi: Windows ta faɗi abin da take so a zana, ita kuma ta juya shi zuwa yaren da wannan katin kaɗai yake ji. Tun daga Windows Vista aka sa wani tsari: in katin ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, Windows ba ta bari komai ya daskare, sai ta kashe direban ta sake tayar da shi. Baƙin da muke gani ke nan. Amma saƙon bai faɗi dalili ba. Kati kan yi shiru don tafintan bai iya yarensa ba, yakan kuma yi shiru don zafi ya dame shi, ko wuta ba ta isarsa. Injiniya ya sake kunna kwamfutar ya ce mu zuba ido kan tambarin da ke fitowa kafin Windows ta tashi. A wannan lokaci direba bai fara aiki ba, saboda haka duk ɗigo-ɗigo ko layin da aka gani a nan daga ƙarfen yake. Tambarin ya fito sumul. Duk da haka sai ya kashe, ya zare wuta, ya kwantar da akwatin ya kwance murfinsa.

Abin da ke ciki hunturun Dutse ne gaba ɗayansa. Ƙura ja ta yi kauri a kan komai, ta haɗu da zaren tufafi ta toshe tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke zuƙe zafi. 'Yar fankar katin hoto ya taɓa ta da yatsa, ta juya rabi ta tsaya. An ƙera waɗannan injuna ne don ofis mai sanyi da taga a rufe, ga su a shagon da ƙofarsa ke buɗe ga titi daga safe har dare, a garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Ya fitar da ita waje, ya danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, ya busa. Mai shayin da ke gefe ya rufe tukunyarsa yana mita. Ya zare katin ya goge haƙoransa na zinariya da magogin fensir, ya yi wa ram haka, ya ɗiga wa fankar mai, ya mayar da komai.

Baƙin ya ragu, amma bai tafi ba. Sai a lokacin ya juya ga manhaja. Ya buɗe Device Manager, ya shiga bayanan katin, ya nuna mini wani layi na haruffa da lambobi. Kowane kati yana ɗauke da lambar wanda ya ƙera shi: 8086 na Intel ne, 10DE na Nvidia, 1002 na AMD, sai lamba ta biyu da ke faɗin ainihin samfurin. Da ya gwada da abin da yaron ya ɗora, sai ga shi direban na wani kati ne ɗan gidansu, kusa amma ba shi ba. Irin tarin direbobin da ke yawo a filas haka suke, ana zuba wa kwamfuta duk abin da ya yi kama.

Ya riƙe Shift ya danna sake kunnawa, ya shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da ɗan direbanta na wucin gadi. Ya cire na bogin gaba ɗaya, har da ragowar fayilolinsa. Ya jona wayarsa ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera katin, ya nemo wanda ya dace da samfurin da kuma irin Windows ɗin da ke kai. Fayil ne mai ɗaruruwan megabait, intanet ɗin kuma tana tafiyar hawainiya, sai muka tafi sallar La'asar muka dawo. Kafin ya ɗora sai da ya ajiye kwafi a filas ɗinsa, ya rubuta sunan katin a wani ɗan littafi. Ya koya wa yaron abu biyu: maɓallin da ke mayar da tsohon direba in sabo ya kawo matsala, da kuma danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, wanda ke tayar da direban hoto ba tare da an kashe kwamfuta ba. Aka ɗora fastar, aka ja, aka juya, aka tara hotuna. Allon bai ƙara ƙiftawa ba.

Da yamma muka hau Garu da Injiniya. Hanya ce mai hawa tsakanin duwatsu, ta wuce tsofaffin gidaje har ƙofar fadar Sarkin Dutse. Daga sama kana hangen sabon garin ya bazu a fili, rufin kwano na walƙiya cikin hazo, allunan sola a kan gidaje da yawa. Muka sayi dabino a hanya, muka sha fura. A nan ne Injiniya ya ce in ina da hali in bi shi washegari, don akwai ciwon allo da ba a gani a shago irin na ɗan wana.

Wurin farko wani ɗaki ne da ake koya wa 'yan JAMB amfani da kwamfuta. Monitoci ne sahu-sahu, yara maza da mata sun duƙufa. Ƙorafin mai wurin shi ne, muddin da wutar gari komai lafiya, amma da an tayar da janareto sai wata igiya ta riƙa yawo a fuskar wasu allunan, rubutu na kaɗawa, yara na murza ido. An canza direba, an yi fomatin, a banza.

Don a fahimci wannan sai an san cewa hoton da ke allo ba a tsaye yake ba. Monita tana sake zana shi sau da yawa a kowace daƙiƙa, wannan adadin shi ake aunawa da hertz. Yawancin monitocin ofis 60 suke yi, wato sabon hoto a duk kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa. Wannan lamba gadon talabijin ɗin Amurka ce, inda wutar lantarki ke juyawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu ta Najeriya 50 ce, kamar ta Ingila. VGA kuwa hoto yake ɗauka ta hanyar hawa da saukar ƙarfin wuta, ba da lambobi ba, saboda haka duk wata hayaniyar lantarki da ta shiga wayar sai ta fito a ido. Tun da 50 da 60 ba su zo ɗaya ba, hayaniyar ba ta faɗa wa wuri ɗaya a kowane zane, shi ya sa take yawo. Ƙaramin janareto kuma saurinsa na hawa da sauka da nauyin da aka ɗora masa, igiyar ma ta bi shi.

Injiniya ya bi wayoyin ɗakin da ido. Soket ɗin duk masu ƙafa uku ne, amma da ya kwance ɗaya, ƙafar atin ba waya a jikinta. Janareton ma a kan tayar mota aka ɗora shi, ba abin da ya haɗa shi da ƙasa. Kebul ɗin monitocin da ke rawa sirara ne masu arha, ba su da ɗan dunƙulen da ake sa wa kusa da kai don tace hayaniya, an kuma ɗaure su tare da wayoyin wuta a dami guda don wuri ya yi kyau. Ya raba damin, ya canza kebul ɗaya da mai kauri daga jakarsa, igiyar wannan allon ta kusa ɓacewa.

"Yallaɓai, wannan ba aikina ba ne, na mai wayarin ne. A binne sandar atin, a haɗa janareto da soket duka. Waɗanda ke da ƙofar DVI ko HDMI a mayar da su can, su da lambobi suke magana, hayaniya ba ta cika damunsu ba."

A ɗakin ne kuma muka tarar da wata monita da ta ƙi nuna komai sai wani akwati mai yawo da ke cewa abin da ake aiko mata ya fi ƙarfinta. Wani dattijo ne, tsohon mai buga takardu a ma'aikata, ya sa ta a 75 don tausayin idon yara. A zamaninsa gaskiya ce. Tsofaffin monitoci masu ƙeya, irin na talabijin ɗin da, haske ne ke bin gilashin layi-layi yana dusashewa, a 60 kana ganin yana ƙyalƙyali har kai ya yi ciwo, sai an kai 75 ko 85 ido ke hutawa. Masu faɗin nan na yanzu ɗigonsu a kunne yake har sai an canza shi, don haka ƙarin bai rage musu komai ba, wadda kuma aka ƙera don 60 in an matsa mata sai ta rufe ido. Windows takan jira daƙiƙa 15 ta mayar da tsohon saiti in ba a amince ba, amma in an riga an amince a kan wata monita sannan aka sauya, sai an bi ta Safe Mode. Ya mayar da ita 60, ya yi wa dattijon bayani cikin ladabi, dattijon ya yi dariya ya ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Wuri na biyu gidan gem ne, inda samari ke buga ƙwallo a kwamfutar da aka jona da ƙatuwar talabijin. Nan kuma akasin haka ne. Sun ce 'yan wasa na tafiya da nauyi, linzami na jan ƙafa. Ya duba saiti, sai ga shi a 30. Talabijin ɗin mai 4K ce, ƙofar kwamfutar kuwa tsohuwar HDMI ce, samfurin 1.4, wadda ba ta iya ɗaukar wannan yawan ɗigo sai sau 30 a daƙiƙa. Ya sauke hoton zuwa 1920 da 1080, adadin ya koma 60, wasa ya saki. Sai wani ya nuna masa yadda hoton ke tsagewa biyu in kyamara ta juya da sauri, sama ta riga ƙasa. Wannan kati ne ke miƙo sabon hoto alhali allo bai gama zana na baya ba. Ya kunna V-Sync a cikin wasan don katin ya riƙa jiran allo. Samarin suka yi masa tafi, suka haɗa masa kuɗin mai.

A hanyarmu ta dawowa na tambaye shi inda ya koya. Ya ce ya yi difloma, amma yawancin abin a bakin benci ya same shi, wurin wani maigidansa a Kano, sauran kuma a bidiyon intanet da dare. Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka kafa cibiyar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su fara tunanin abin ba. Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, ɗan Haɗeja ne. Ana raba kwamfutoci a makarantu, ana buɗe cibiyoyi. Sai dai abin da na gani a Takur shi ne, saye ba shi ne wahala ba. Kwamfutar da aka ƙera don wata wuta da wani yanayi, aka yi amfani da ita shekaru a wata ƙasa kafin ta iso, ba ta zama lafiya a nan sai da wanda zai riƙa sasanta ta da ƙura da zafi da janareto. Wanda ya ware kuɗin kwamfuta hamsin bai ware na sandar atin da bulowa da kebul mai kyau da ladan mai gyara ba, kafin hunturu biyu zai tarar da rabin ɗakin a lulluɓe da leda.

Kuma lokaci ba ya jiran waɗannan injuna. Tun 2010 Intel da AMD da manyan masu ƙera kwamfuta suka sanar za su daina sa VGA zuwa 2015, ga shi har yau shi ne ke riƙe da yawancin allunan Dutse. Microsoft ta janye tallafin Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, na Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 tana da sharuɗɗan da yawancin 'yan gwanjon nan ba su cika ba. Katunan hoto da dama an daina yi musu sabon direba, wasu tsofaffin fayilolin ma sai an sha wuya ake samunsu. Wannan ne dalilin igiyar filas da ɗan littafin Injiniya. Duk direban da ya gwada ya ga ya zauna lafiya, yana ajiye shi da sunan katinsa, don ya san wata rana zai neme shi a shafin kamfani ya rasa. Ya ce ya fara gwada Linux a kan waɗanda suka tsufa ƙwarai, tun da ita da direbobinta take zuwa, sai dai masu shago ba sa yarda su rabu da manhajojin zane da suka saba da su.

Ɗan wana ya ɗauki shawara. Kuɗin da ya ware don monita ya raba su: ya sayi kebul mai kauri, ya kira mai wayarin ya duba atin ɗin shagon, ya ɗinka wa kowace kwamfuta riga ta yadi da za a rufa mata da dare, ya kuma yi da Injiniya zai riƙa zuwa busa ƙura a farkon hunturu da ƙarshensa. Yaron shagon kuwa ya roƙa a bar shi ya riƙa bin Injiniya ranakun Asabar. Ba shi kaɗai ba ne, akwai 'yan sakandare da ke zuwa wurinsa in an yi hutu. Ba ya karɓar kuɗin koyo daga kowa. Sharaɗinsa guda ne: ba yaron da zai yi wa kwamfuta fomatin sai ya fara faɗa masa abin da ke damunta, da yadda aka yi ya sani.